Ranar da Suwidin Ta Canza Hannu: Yadda Hatsari Ya Ragu da Yadda Ya Dawo

Ƙarfe biyar saura minti goma na asubahin Lahadi, 3 ga Satumba 1967, duk motar da ke tafiya a kan titunan ƙasar Suwidin ta taka birki ta tsaya cak. Motocin ba su da yawa, domin tun ƙarfe ɗaya na dare aka hana kowa fitowa sai wanda aikinsa ya zama dole, irin su 'yan tasi, motocin asibiti, 'yan sanda da ma'aikatan hanya. Kowane direba ya murza sitiyari a hankali, ya bar gefen hagu da ya saba bi tun ranar da ya fara koyon tuƙi, ya tsallaka gefen dama, ya sake tsayawa. Haka suka zauna, kunnuwansu na kan rediyo. Biyar na cika aka ce kowa ya kama hanya. A titin Kungsgatan da ke tsakiyar Sitokholm, babban birnin ƙasar, jama'a sun yi dafifi tun da duku-duku don kawai su ga abin da idonsu.

Mutanen ƙasar suna kiran wannan rana Dagen H, wato Ranar H, harafin da kalmarsu ta "dama" take farawa da shi. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 8 a lokacin, da motoci wajen miliyan 2, kuma cikin dare ɗaya aka juya wa kowa hannun da yake bi. Mutane da yawa sun sa ran za a kwashi gawarwaki. Hakan bai faru ba. Hatsari raguwa ma ya yi, raguwa mai yawa. Amma bai daɗe a ƙasa ba, kuma wannan dawowar tasa ce ta sa nake ganin labarin ya shafi duk wanda ya taɓa zama a bayan sitiyari, ko ya taɓa raka gawar wanda hanya ta ci.

Me ya kai su ga wannan wahala

Tun 1734 Suwidin take bin hagu. Maƙwabtanta na ƙasa, Norwe da Finlan, dama suke bi, haka ma Denmak da ke tsallaken ruwa. Iyakar Suwidin da Norwe ta fi kilomita 1,600, ga ƙananan hanyoyi barkatai da ke ratsa ta, wasu cikin daji ba ko mai gadi. Mutum yana tafe sai ya ga allo yana cewa ya koma ɗaya gefen. Da motoci suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu, masu tsallakawa suka ƙaru, mantuwa ma ta ƙaru.

Sai dai babbar matsalar tana cikin motocin kansu. Kusan tara cikin goma na motocin ƙasar sitiyarinsu a hagu yake, har da Volvo da Saab da ake ƙerawa a gida. Direban da ke bin hagu kuma sitiyarinsa na hagu yana zaune ne can bakin hanya, kusa da lambatu. In ya tarar da babbar mota a gabansa yana son wuce ta, sai ya fito da kusan rabin motarsa tsakiyar titi kafin idonsa ya ga abin da ke tahowa. Duk wanda ya taɓa zama gaban mota mai sitiyari a dama, irin waɗanda ake shigowa da su daga Ingila ko Japan, a kan hanyarmu mai hannu biyu, ya san wannan tashin hankalin. Fasinja ne ke fara ganin tirelar da ke zuwa, shi ne ke cewa "koma, koma!" tun direba bai ga komai ba. A ƙananan hanyoyin karkarar Suwidin, taho-mu-gama wajen wuce mota ya ci rayuka da yawa ta wannan hanya.

Duk da haka jama'a ba sa so. A watan Oktoba 1955 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, kashi 83 cikin 100 na masu jefa ƙuri'a suka ce a bar su da hagunsu. Ban ga laifinsu ba. Tsoho mai shekara saba'in da ya yi rayuwarsa yana duba dama kafin ya sauka titi, ka ce masa daga gobe ya fara duba hagu, ai ka taɓa masa abin da ya fi tunani zurfi. Ƙuri'ar ta shawara ce kawai, ba ta ɗaure majalisa ba. Ranar 10 ga Mayu 1963, zamanin firaminista Tage Erlander, majalisar dokoki ta zartar cewa za a koma dama, aka kuma ba da shekara huɗu a shirya.

Shekara huɗu ana gina tsoro

An kafa hukuma ta musamman don wannan aiki, aka ɗora wa masu motoci haraji na musamman don biyan kuɗinsa, wanda ya kai krona miliyan 628 na kuɗin ƙasar. Allunan hanya wajen 360,000 aka sauya ko aka matsar. An kakkafa sababbi tun da wuri aka lulluɓe su da baƙar leda, a daren canjin ma'aikata da sojoji suka bi suna yaye ledar suna rufe tsofaffin. An sake zanen titi, an sake fasalin mahaɗar hanyoyi da shataletale, an mayar da wuraren tsayawar bas ɗaya gefen. A Sitokholm da Malmo hana zirga-zirgar ya fi tsawo, daga safiyar Asabar har yammacin Lahadi, don aikin can ya fi yawa. Motocin bas ƙofofinsu na ɓangaren da zai zama tsakiyar titi, sai aka huda wa dubbai sababbin ƙofofi, aka sayi sababbi fiye da 1,000, wasu tsofaffin aka tura su Pakistan da Kenya inda ake bin hagu. Yawancin taragon cikin gari na Sitokholm, mai bin dogo a kan titi, a ranar ya daina aiki. Hatta fitilun gaban mota sai da aka gyara, don kada haskensu ya riƙa kashe idon mai tahowa.

Wannan duk aikin ƙarfe ne da fenti. Aikin da ya fi shi girma shi ne na zukatan mutane. Alamar H mai kusurwa shida ta shiga ko'ina: jikin kwalin madara, gilashin mota, bakin hanya, har jikin tufafi. An yi gasar waƙa a kan batun. An yi safar hannu mai launi biyu, ja a hagu, kore a dama, don direba ya riƙa ganin tunatarwa a kan sitiyarinsa. An shiga makarantu, gidajen tsofaffi, asibitoci da gidajen yari. An nemi shawarar masana halayyar ɗan Adam kan yadda saƙon zai zauna. Olof Palme, wanda daga baya ya zama firaminista, shi ne ministan sufuri a lokacin, kuma ya yi wa jama'a jawabi ta rediyo da safiyar ranar.

In mutum ya duba da kyau zai ga cewa abin da aka yi shekara huɗu ana ginawa tsoro ne, tsoro mai amfani. An gaya wa kowane direba, ta kowace kafa, cewa hannunsa da ƙafarsa da idonsa sun saba da abin da daga ranar Lahadi zai iya kashe shi. Sannan aka rage iyakar gudu sosai a cikin gari da wajen gari, aka baza 'yan sanda da sojoji da 'yan sa-kai a mahaɗar hanyoyi, wasu aikinsu kawai su tsaya wa masu tsallaka titi.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ranar Litinin ta farko, ranar da kowa ya fito aiki da makaranta, an kai rahoton hatsari 125. Litinin ɗin da suka gabata adadin yakan kama daga 130 zuwa 198. Ba wanda ya mutu a cikin waɗannan 125 ɗin. Kamfanonin inshora suka ga masu zuwa neman diyyar lalacewar mota sun ragu da kashi 40 cikin 100. Da shekara ta ƙare aka ƙirga, mutum 1,077 ne suka mutu a hanya a 1967, alhali a 1965 mutum 1,313 ne. Waɗanda suka ji rauni ma sun sauko daga sama da 23,000 zuwa wajen 21,000. Ka tuna wata huɗu kacal na shekarar ne aka yi a hannun dama.

Ga inda gizo ke saƙar. Hanyoyin Suwidin ba su fi aminci a wannan makon ba, sun fi haɗari ma. Kowane direba ya koma ɗan koyo. Mai fitowa daga gidan mai ko daga layin gidansu da sassafe, titi ba kowa balle ya ga wata mota ta tuna masa, yana iya faɗawa hagu bai sani ba. Mai tafiya a ƙafa yana iya duba gefen da ba mota ya sa ƙafa. Ta kowace fuska dama ta kuskure ta ƙaru. Abin da ya canza shi ne mutumin da ke riƙe da sitiyarin. Ya kama shi da hannu biyu. Ya daina hira. Ya bar tazara tsakaninsa da na gaba. In ya ga babbar mota, sai ya haƙura ya bi bayanta maimakon ya leƙa. Wasu tsofaffi ma ajiye motar suka yi gaba ɗaya. Haɗarin da aka ƙara wa hanya, direbobi suka biya shi da hattara, har hattarar ta yi rara.

Cikin mako shida masu neman diyyar inshora suka koma yawansu na da. Mace-mace sun fi jinkirin dawowa, amma sun dawo: a 1968 da 1969 adadin ya sake haura 1,200, ya kusa inda yake kafin canjin. Bahaushe ya tambayi ido wa ya raina, ido ya ce wanda yake gani kullum. Hannun dama ya zama abin gani kullum. Ledar da aka yaye ta tafi, 'yan sa-kai sun koma gidajensu, an sassauta iyakar gudu mataki-mataki, alamar H da ke manne a gilashi ta koɗe har direba ya daina lura da ita. Ba ranar da za a nuna a ce a nan tsoron ya ƙare. A hankali ya tsiyaye.

Ya kamata a yi wa alƙaluman adalci. Tsoro ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Rage gudun da aka yi da doka, da yawan jami'an da aka zuba a titi, su kansu sun isa su rage mutuwa ko da ba a canza hannu ba, kuma da aka sassauta su dole wani ɓangare na ribar ya tafi tare da su. Sannan motoci ƙaruwa suke yi kowace shekara, don haka mutum 1,200 da 'yan kai a 1969 ba daidai yake da wannan adadi a 1965 ba in aka raba shi da yawan motoci. Akwai kuma ribar da ba ta tsiyaye ba: direba ya dawo kusa da tsakiyar titi, yana ganin abin da ke tahowa kafin ya fito wuce mota, ko yana tsoro ko ba ya yi. Haka kuma daga wannan shekarar Suwidin ba ta sake barin hanyoyin wajen gari ba tare da iyakar gudu ba, alhali kafin nan akwai hanyoyin da mutum ke taka totur iyakar son ransa. Amma ko an cire duk waɗannan, siffar abin tana nan: faɗuwa mai kaifi a lokacin da kowa ke ɗar-ɗar, hawa a hankali da kowa ya saki jiki.

Direba yana da ma'auninsa

Gerald Wilde, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Queen's da ke Kanada, ya yi amfani da wannan lamari wajen kafa hujjar ra'ayin da ya fitar a 1982. A ganinsa kowane direba yana da gwargwadon kasadar da ransa ya yarda da ita, kuma kullum yana daidaita tuƙinsa da wannan gwargwado. Ni abin yana tuna mini mai tuƙa tuwo a murhu. In wuta ta yi yawa ta janye itace, in ta yi ƙasa ta iza, domin akwai zafin da take so tukunyarta ta samu. Ka ƙara mata iska, ta janye itace. Ka kawo mata tukunya mai kaurin gindi wadda ba ta saurin ƙonawa, ta ƙara wuta don ta gama da wuri. Suwidin ta ƙara wa direbobinta iska a Satumba 1967, suka janye itace.

Ɗaya fuskar ita ce mai ban takaici, kuma an gan ta ƙarara a birnin Munik na Jamus a shekarun 1980. Wani kamfanin tasi yana da motoci iri ɗaya, wasu da birkin ABS, wanda ke hana taya ɗaurewa ta ja a ƙasa in an taka shi da ƙarfi, wasu kuma da birki na gargajiya. Masu bincike suka bi su shekara uku. Sun sa na'urori a motocin, sun kuma sa mutane su riƙa hawa a matsayin fasinja suna lura da tuƙi. Motocin da ke da birki mai kyau ba su fi sauran ƙarancin hatsari ba. Direbobinsu sun fi shan kwana da ƙarfi, sun fi manne wa motar gaba, sun fi taka birki a ƙurarren lokaci. An ba su abin da zai ƙara musu tazara tsakaninsu da mutuwa, suka sayar da tazarar suka sayi minti biyu. Ɗan tasi da yawan lodin da ya yi ake biyansa, don haka ba wauta ba ce, lissafi ne. Hatsarin ya fara raguwa ne lokacin da kamfanin ya sa direbobi su riƙa biyan wani kaso na kuɗin gyara daga aljihunsu.

Tun kafin Wilde, wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Chicago, Sam Peltzman, ya rubuta a 1975 cewa dokokin da suka tilasta sa kayan kariya a motocin Amurka ba su rage yawan mutuwa yadda aka zata ba, domin abin da na cikin mota suka samu, masu tafiya a ƙafa ne suka biya shi. A nan nake rabuwa da masu ɗaukar wannan magana su yi gudu da ita. Na sha jin mai cewa tun da direba zai rama ta wata hanya, to bel da hular kwano ba su da wani amfani. Wannan ƙarya ce mai kisa. Binciken da aka yi ta yi shekara da shekaru ya nuna bel yana rage yiwuwar mutuwar na gaban mota da kusan rabi, kuma ba a ga direbobi sun ƙara ganganci da ya kai ya cinye wannan ba. Ramuwar tana faruwa, amma ba kullum take cinye duka ribar ba. Ta fi ƙarfi inda direba ke jin kariyar a jikinsa kowane minti, kamar birki mai kamawa, kwalta mai santsin tafiya, ko titi mai faɗi, kuma yana da abin da zai samu in ya yi sauri. Ta fi rauni inda kariyar take a ɓoye, ba ya tuna da ita sai ranar da ta cece shi.

Wayar da ke tsakiyar hanya

Abin da ya fi burge ni da Suwidin shi ne ba ta tsaya tana jiran wani sabon tsoro ba. Injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya riga ya ƙirƙiro bel mai ratsa ƙirji da ƙugu tun 1959, a 1975 aka wajabta ɗaura shi a kujerar gaba, a 1977 aka wajabta kunna fitila ko da rana. Sai a 1997 majalisa ta amince da wata manufa da ta ce burin ƙasa shi ne kada kowa ya mutu ko ya nakasa a hanya. Tushen manufar shi ne ɗan Adam zai yi kuskure ko an yi masa wa'azi ko ba a yi ba, zai yi gyangyaɗi, zai yi sauri, zai saki jiki, don haka wanda ya zana hanya shi ma yana da alhaki, kuma aikinsa ya tabbatar kuskuren bai zama ajali ba.

Daga 1998 suka fara sauya manyan hanyoyinsu masu faɗin mita 13, waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen taho-mu-gama. Faɗin nasu ne ma ke yaudarar direba ya ga kamar akwai wurin wucewa. Sai aka raba hanyar layi uku, biyu a wannan hannu ɗaya a wancan, bayan 'yan kilomita a juya, a tsakiya kuma aka ja waya, wato igiyoyin ƙarfe, a kan gajerun turaku. An fara gwadawa a babbar hanyar E4 kusa da garin Gävle. Da farko jama'a sun ƙi abin, kamar yadda suka ƙi canjin hannu. Mutuwa a irin waɗannan hanyoyi ta faɗi warwas, kuma wannan karon ba ta dawo ba. Direbobin ba su zama waliyyai ba. A wurare da yawa ma an ɗaga iyakar gudu zuwa kilomita 100 a awa, kuma ana yawan gogar wayar, ma'aikata na zuwa suna sake kafa turakun. Mai gyangyaɗin da a da zai faɗa kan motar da ke ɗauke da iyali guda, yanzu wayar ƙarfen nan yake yi wa karo, ya fito yana duba fentin motarsa. Wayar ba ta sabawa da kowa, ba ta kuma gajiya bayan mako shida. A 2020 mutum 204 ne suka mutu a hanyoyin Suwidin, ƙasar da yanzu ta haura mutum miliyan 10, motocinta kuma sun ninka na 1967 fiye da sau biyu.

Mu ma mun yi namu canjin

Ayislan ta bi sahun Suwidin ranar 26 ga Mayu 1968. Najeriya ta koma dama ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Gana kuma ranar 4 ga Agusta 1974. Dalilin kusan ɗaya ne: Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey (Benin ta yanzu) duk dama suke bi, direban da ya taso daga Katsina zai je Maraɗi sai ya canza hannu in ya wuce Jibiya. Dattawanmu har yanzu suna ƙirga shekaru da canjin hannu da canjin kuɗin da ya biyo bayansa a 1973.

Halin kuma yana nan tare da mu. Na taɓa shiga motar haya a wata hanya da aka gama gyarawa, wadda a da gargada ce, ramuka ne ke riƙe da ƙafar direba. Muna hawa sabuwar kwalta direban ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi, yau kam hanya ta yi." Allurar gudun motar ta mutu, sai dai iska da kukan taya su gaya maka inda aka kai. Muna ratsa wani ƙauye, kasuwa na ci a bakin titi, yara na tsallakawa da farantan talla, bai ɗaga ƙafa ba sai ham da ya danna. Wata dattijuwa a baya ta ce, "Ɗan nan, ka yi mana a hankali, ba a jiranmu da gawa." Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, hanyar lafiya lau take." Gaskiya ya faɗa, hanyar lafiya lau take, kuma lafiyar tata ce ya mayar gudu. Can gaba ya hango jami'an kiyaye haɗura, ya ce da ni, "Malam, ɗan rataya bel ɗin nan." Na ce a ɗaure yake tun daga tasha. Shi ya yafa nasa a kafaɗa bai sa shi a makullinsa ba, muna wucewa ya sake shi. Mutanen wancan ƙauye ba su samu birki mai kyau ba, ba su samu bel ba, abin da gyaran hanya ya kawo musu shi ne motoci masu ninkin gudun da. Shi ya sa ba na yi wa mutanen gari dariya in na ga sun tara ƙasa sun yi tudu a kan sabon titi, ko da yake tudun da ba alama shi ma yana kashewa. In aka ba da kwangilar kwalta ba a sa kuɗin shinge, wurin tsallakawa da abin rage gudu a bakin kasuwa ba, rabin aiki aka yi, kuma rabin da aka bari shi ne na talakan da ke tafiya a ƙasa.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne lokacin canjin hannun 1972. Ya ce a makon farko ya ɗaura jan ƙyalle a hannunsa na dama, ya hana yaron motarsa yin barci, aikin yaron kawai in sun fito daga tasha ko gidan mai ya ce "dama, maigida, dama." Ya ce bai taɓa ganin direbobi suna ba juna hanya kamar wannan lokacin ba, har waɗanda aka sani da tsere. Tafiyar da ya saba yi kafin azahar sai ta kai shi la'asar, kuma ba wanda ya yi masa ƙorafi.

Na ce, "Kawu, to yaushe ka daina jin tsoron?"

Ya yi shiru yana juya goro a hannunsa. Ya ce, "Wallahi ɗana ban sani ba. Wata rana dai na tsinci kaina ina wuce wata mota a kan kwana, hannu ɗaya a sitiyari, yaron yana ta barcinsa. Da na duba hannuna, ƙyallen ma ban san ranar da ya faɗi ba."